Zan ɗauko ɗan kwikwiyo nan da mako biyu, me ya kamata in tanada?

Tambaya: Likita, karyar wani abokin aikina ta haihu, ya yi mini alkawarin ɗa guda. Yanzu makonsu huɗu, ya ce in zo in ɗauka nan da mako biyu tunda sun fara lasar abinci. Ban taɓa kiwon kare ba, kuma ina da yara biyu, ɗan shekara uku da 'yar shekara bakwai. Me zan saya, me kuma zan shirya?

Amsa: Malam, kafin mu shiga lissafin kayan saye, akwai abu ɗaya a tambayarka da ya tsaya mini a rai. Makonsu 4 yanzu, in ka ƙara 2, za ka raba shi da uwarsa yana ɗan mako 6 ke nan. Ka koma wurin abokin naka ka roƙe shi ya ƙara haƙuri har ɗan kwikwiyon ya cika mako 8. In ciyarwa ce ta dame shi, ka ɗauki nauyin ta sati biyun, ba za ka yi asara ba. Don ya fara lasar abinci a kwano ba shi ke nuna ya gama da uwarsa ba. Nono ana iya samun madadinsa, amma akwai karatun da yake ɗauka cikin 'yan'uwansa wanda kai zai yi maka wuyar koyarwa. In suna kokawa ya gantsara wa ɗan'uwansa cizo da ƙarfi, wancan sai ya yi ƙara ya bar wasan. In ya matsa wa uwar, ta yi masa gurnani ta ture shi. Da haka yake gane iyakar haƙoransa. Waɗanda aka ɗauke da wuri su ne sau da yawa ake dawo mana da su ana ƙorafin cizo, ko yawan tsoro, ko haushin da ba ya ƙarewa. A Ingila ma doka ta hana masu sana'ar sayar da karnuka sayar da wanda bai kai mako 8 ba. Kai da kake da ɗan shekara 3 a gida, wannan sati biyun ya fi duk abin da za ka saya daraja.

Wata gudan da ya rage maka kuwa na aiki ne, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je ka ga uwar da idonka. In ta tarbe ka da sakin jiki, alama ce mai kyau. In kuwa sai an ɗaure ta kafin baƙo ya shigo, ko tana laɓewa tana rawar jiki, ka yi tunani sosai, domin tsoro ana gadonsa, ana kuma koyonsa a wurin uwa. Ka tambaya ko an yi mata allurar rigakafi, ko an ba 'ya'yan maganin tsutsar ciki, da wane suna, kuma yaushe. Ka tambayi abin da ake ba su suna ci, ka rubuta. Cikin 'ya'yan kuma kada tausayi ya sa ka zaɓi wanda ya raɓe a lungu shi kaɗai. Mai koyon kiwo ya fi dacewa da na tsaka-tsaki, wanda zai zo ya shinshina hannunka, in ka ɗaga shi ya ɗan yi mutsu-mutsu sannan ya natsu. Ido ya zama garau ba kwantsa, hanci ba majina, dasashi jaja-jaja, gindin jela ba alamar zawo. Kafin ka taho ka bar wani tsohon tsumma a makwancinsu, ranar ɗauka ka taho da shi. Za ka ga amfaninsa a daren farko.

Yanzu ga abin da na fi son ka fahimta, domin a nan akasarin masu sabon kare ke faɗawa rami. Tsakanin mako 8 da mako 16 abubuwa biyu ne ke gudu tare a jikinsa, kowanne yana neman akasin abin da ɗayan ke nema.

Na farko garkuwar jiki. Ɗan kwikwiyo yana samun kusan dukkan kariyarsa ta farko daga dakashi, nonon da ya sha a ranar da aka haife shi. Wannan kariyar aro ce, tana raguwa a hankali, kuma ba lokaci ɗaya take ƙarewa ga kowa ba. Wani tasa ta kau tun yana mako 6, wani tana nan har bayan mako 12, ko da uwarsu ɗaya. Muddin tana da ƙarfi takan kashe kaifin allurar rigakafin da aka yi masa, jiki bai koyi komai ba. Akwai kuma ɗan tsakanin da ta yi raunin da ba za ta tare cuta ba, amma har yanzu tana iya ɓata allura. Tunda ba a gane ranar da ta kau da ido, sai ake maimaita allurar: a fara tsakanin mako 6 zuwa 8, a riƙa yi bayan kowane mako 2 zuwa 4, ta ƙarshe kuma ta faɗo a mako 16 ko bayansa. Wannan shi ne tsarin da ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya take shawarta. Don haka in mai kare ya ce maka "ai an yi masa allura", ka tambaye shi guda nawa. Guda ɗaya fara hanya ce kawai.

Allurar tana haɗe cututtuka uku manya: distamfa (mai kawo zazzaɓi, majina da farfaɗiya), ciwon hanta na karnuka, da farbo. Ta ukun nan ita ce ke hana mu barci. Ta bayyana a duniya a 1978, tana kai hari ga hanji da ɓargo, kare ya kama amai da zawo mai jini mai wani irin wari da duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. In ba a kai shi asibiti an yi masa ƙarin ruwa da wuri ba, galibi ba ya tashi. Ƙwayar cutar tana fita ta kashi, tana kuma iya zama a ƙasa watanni, a wuri mai inuwa da danshi har shekara. Ana kwaso ta a takalmi. Sabulu da yawancin magungunan goge ɗaki ba sa kashe ta, sai bilic ɗin wanki, kashi 1 cikin ruwa kashi 30, a bar shi a wurin kamar minti 10 bayan an fara kwashe ƙazantar. Na sha ganin mutum ya rasa ɗan kwikwiyo da wannan cuta, don ya lallashi yara sai ya kawo wani cikin satin, ya ajiye shi a wurin da na farko ya kwanta, kwana kaɗan mu sake haɗuwa da shi a kan magana ɗaya. In a gidan da kake an taɓa yin kare da ya mutu da amai da zawo, ka faɗa wa likita tun kafin ka ɗauko naka.

Na biyu sabo. John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekaru suna nazarin karnuka a wata cibiyar bincike da ke Bar Harbor, jihar Maine ta Amurka, suka wallafa sakamakon a 1965. Abin da suka nuna shi ne, daga wajen mako 3 zuwa mako 12 ƙwaƙwalwar kare a buɗe take, abin da ya saba da shi a lokacin yakan ɗauke shi abin duniya na yau da kullum. Bayan nan sai tsoro ya fara rinjayar son sani. A cibiyar an ga cewa waɗanda ba su yi hulɗa da mutum ba har mako 14 sun tashi suna gudun mutane kamar namun daji, kuma gyara su ya yi wuya ƙwarai.

Ka ga matsalar ke nan. In ka kulle shi a ɗaki har allurai su kammala a mako 16, ka tsare shi daga farbo amma ƙofar sabo ta kusa rufewa. In ka sake shi yana yawo ko'ina don ya saba, ka miƙa shi ga cuta. Mafitar ita ce ka rarrabe ganin duniya da taka ƙasar duniya. Ɗauke shi a hannu ka fita da shi, ya ga motoci da babura, ya ji hayaniya, ƙafarsa ba ta taɓa inda karnukan da ba ka sani ba ke kashi ba. Ka sa shi a mota ku ɗan zaga. Ka gayyato mutane iri-iri su zo gida, tsoho da yaro, mai gemu, mai tabarau, mai dogara sanda, su wanke hannu, su bar takalmi a waje, kowa ya miƙa masa ɗan abin ci. In akwai wanda ka sani mai babban kare lafiyayye, mai haƙuri, da allurarsa cikakkiya, ka haɗa su. Ka riƙa taɓa masa kunne da tafin ƙafa, kana buɗe bakinsa a hankali kana yaba masa, don ranar da likita zai duba shi kada ta zama yaƙi. Sharaɗin duk wannan shi ne kada a tilasta. In ya ja da baya, ka ƙara nisa, ka bar shi ya matso da kansa. Firgita ɗaya mai tsanani a wannan shekarun ƙuruciyar takan bi kare har tsufa.

Bari in ɗan ratse a nan. Akwai masu cewa in kana son kare mai gadi, ka ɓoye shi daga mutane, ka ɗaure shi da sarƙa don ya yi zafi. Abin da ake samu da wannan dabarar kare ne mai tsoro, wanda bai san bambancin ɓarawo da abokin ɗanka ba. Kare da ya san mutane shi ne yake gane baƙon da take-takensa ba su yi ba.

Allurar haukan kare daban take, ana yin ta daga mako 12, a kuma sabunta ta yadda likita da dokar inda kake suka tsara. Wannan ba ta da uzuri. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamu suka riga suka bayyana, kusan babu mai tashi. Duk wanda kare da ba a san lafiyarsa ba ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a wuce asibiti ranar.

Tsutsar ciki kuma ka ɗauka yana da ita ko da ba ka gani ba, domin akwai irin da ke ratsa mahaifa ta shiga 'ya'yan tun ba a haife su ba. Akan ba da magani a mako 2, 4, 6 da 8, sannan duk wata har ya kai wata 6, gwargwadon nauyinsa. Wannan ya shafi yaranka kai tsaye, saboda ƙwan tsutsar na iya shiga ɗan Adam ta hannu mai ƙasa, wani lokaci har ya taɓa ido. Sauƙin abin shi ne ƙwan yana buƙatar mako 2 ko fiye a ƙasa kafin ya iya kama mutum, don haka kwashe kashi kullum da wanke hannu sun yanke mafi yawan haɗarin. Maganin kaska da ƙuma kuwa kada ka saya da ka. Da yawa an rubuta mafi ƙarancin shekaru da nauyi a jikinsu, kuma in akwai kyanwa a gidan, masu sinadarin fametirin na iya kashe ta.

Sai gyaran gida. Durƙusa ka yi rarrafe a ɗakin da zai zauna, ka duba abin da idonsa zai gani: wayar lantarki, cajar waya, batir, ƙananan kayan wasan yara, safa, leda, kwandon shara. Masu iya magana sun ce in ka ga kare na shinshinar takalmi ɗauka zai yi, to a gidanka maganar za ta tashi daga karin magana ta zama labarin kowace safiya. Abin da ya fi takalmi muhimmanci shi ne guba. Maganin ɓera a kwashe shi gaba ɗaya, domin nau'in da ya fi yawa yana hana jini daskarewa, kuma alamunsa ba sa fitowa sai bayan kwanaki, lokacin da mai kare ya manta. Magungunan mutane a sa su sama. Farasitamol na iya lalata masa hanta, ibufurofen kuma ciki da ƙoda, kada a ba shi ko ɓari sai da izinin likita. Cakulan na ɗauke da sinadarin da jikin kare ke jinkirin fitarwa, kuma baƙin ya fi haɗari. Inabi da zabibi na iya tsayar da ƙoda. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa ragowar abincin mutane ba abin dogaro ba ne. Cingam marar sukari sau da yawa yana da zailitol, wanda ke faɗar da sukarin jinin kare cikin ɗan lokaci. Dafaffen ƙashi kuma tsagewa yake ya soki hanji. 'Yar shekara 7 za ta gane wannan in ka zaunar da ita. Ɗan shekara 3 kuwa sai dai ido.

Kayan saye ba su da yawa. Kwano biyu na ƙarfe, na ruwa da na abinci. Abin wuya mara nauyi wanda yatsu biyu za su shiga ƙarƙashinsa, da igiyar ja. Keji da zai iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta a ciki. Shimfiɗa mai wankuwa, kada ta yi tsada don zai yage ta. Abubuwan tauna guda uku ko huɗu na roba mai ƙarfi, waɗanda suka fi ƙarfin haɗiya. Shi ke nan. Sauran kayan ƙawa ka bari sai ka san irin karen da Allah ya haɗa ka da shi.

Abinci ka fara da wanda ya saba da shi a gidan uwarsa. In za ka sauya, ka yi a hankali cikin mako guda, kana rage tsohon kana ƙara sabon, in ba haka ba zawo zai biyo baya, kai kuma ba za ka san ko na abinci ne ko na cuta ba. Ka nemi wanda aka haɗa musamman don 'yan kwikwiyo. Sau 4 a rana har wajen mako 12, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Madarar shanu tana ɓata wa da yawansu ciki, kuma a mako 8 ba ya buƙatarta, ruwa mai tsabta ya ishe shi. In irin manyan karnuka ne, kada ka ƙara masa garin ƙashi ko ƙwayoyin ƙarin kalsiyam da sunan ƙarfafa shi, yawan sa yana lalata gaɓoɓin da ke girma.

Ranar ɗauka ka zaɓi safiya, a kwanakin da za ka samu zama a gida. Kuna isowa ka fara kai shi inda kake so ya riƙa fitsari. Ɗaki ɗaya ya ishe shi a kwanakin farko, kuma baƙin da na ce ka gayyato su jira kwana biyu ko uku. Da dare zai yi kuka. Bai taɓa kwana shi kaɗai ba tunda aka haife shi. Ka ajiye kejin kusa da inda kake kwana, ka sa masa tsumman nan mai warin uwarsa, ka kuma yarda cewa za ka tashi sau ɗaya ko biyu ka fitar da shi, ba wasa, ba hira, ya yi ku dawo. Daga baya sai ka riƙa matsar da kejin zuwa inda kake so ya zauna. Tun makon farko kuma ka fara barinsa shi kaɗai na 'yan mintoci kana ƙarawa, don ranar da kowa zai fita aiki da makaranta kada ta zo masa bagatatan.

Koyon fitsari a waje aikin agogo ne fiye da aikin faɗa. Ɗan wata 2 da wuya ya riƙe fiye da awa 2 zuwa 3 da rana. Ka fitar da shi da ya farka, da ya ci, da ya gama wasa, da kuma duk lokacin da ka ga yana shinshinar ƙasa yana zagaye. Da ya gama a wurin da ya dace, ka yaba masa ka ba shi ɗan abin ci nan take, domin in kun koma ɗaki ya riga ya manta abin da ake yabo. In ya yi a ɗaki ba ka gani ba, ka goge kawai, da abin da ba shi da amoniya, don warinta kamar na fitsari yake a hancinsa, sai ya koma wurin. Dangwara masa hanci a ciki ko duka ba sa koya masa komai sai ɓoye maka, ya koma yi a bayan kujera. Mutane kan ce ai ya san ya yi laifi, dubi yadda ya sunkuyar da kai. Wata mai bincike, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009, ta ga karnuka na yin wannan fuskar ne idan ana yi musu faɗa, ko sun yi laifin ko ba su yi ba.

Maganar yaranka ita ce ta ƙarshe, kuma doka ɗaya ce ba sassauci: kare da ɗan shekara 3 ba sa zama su kaɗai, ko na minti ɗaya, komai kirkin karen. Ɗan kwikwiyo yana da haƙora 28 masu tsini kamar allura, zai fara famfara wajen wata 3 zuwa 4, manyan haƙora 42 su kammala wajen wata 6 zuwa 7, duk tsawon lokacin nan bakinsa ƙaiƙayi yake. In ya kama hannu, a tsaya cak, a miƙa masa abin tauna, in ya nace a tashi a bar masa wurin na ɗan lokaci. Yaro in ya yi ihu ya ruga, shi a wurinsa an buɗe wasan farauta ne. Ka koya musu kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kada su ɗaga shi, kada su bi shi cikin kejinsa. Yana buƙatar barcin awa 18 ko fiye a kwana, kuma yawan cizon da ake gani da yamma sau tari gajiya ce kawai. In ya yi gurnani kada ka hukunta shi, ka duba abin da ya takura masa ka kawar. Kare da aka hana gurnani yakan koma cizo ba gargaɗi.

Ka nemi likitan dabbobi tun yanzu, ka san inda za ka je in abu ya taso da tsakar dare, ka kuma kai ɗan kwikwiyon a duba shi cikin kwana 2 ko 3 da isowarsa ko da lafiyarsa ƙalau. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin salsiyos. In ya ƙi abinci sau biyu a jere, ko yana amai akai-akai, ko ka ga jini a kashinsa, ko dasashinsa ya yi fari, ko ya kwanta laƙwas ba ya kula kowa, kada ka jira gari ya waye, domin ɗan ƙaramin jiki irin nasa ruwa da sukari na ƙare masa cikin awoyi. Ranar zuwa asibitin ka tafi da ɗan kashinsa na safiyar a leda don a duba tsutsa, da takardar duk abin da abokinka ya ce an ba shi. A ɗakin jira kuma ka riƙe shi a cinyarka, kada ka sauke shi ƙasa, don marasa lafiya ne suka taka wurin kafin ku.